Kowa Ya Samu, Ban Da Mai Waƙar

Duk wanda ya bi babban titin Nima a Accra da yamma ya nufi Maamobi ya san masu tura waƙa da fim a waya. Ɗan tebur ne a bakin shago, da tsohuwar kwamfuta, da lasifika tana ta amo, igiyoyin caji kuma sun sarƙe da juna. Yarinya za ta miƙa waya ko memori ta ce a zuba mata sababbin waƙoƙin Hamisu Breaker da Umar M. Shareef, a ƙara mata da Labarina daga inda ta tsaya. Kafin mai shayin da ke gefe ya gama soya ƙwai an kammala. Ta ba da 'yan sidi kaɗan ta kama gabanta, ba ta ga laifin da ta yi ba, mai turawar ma bai gani ba.

A wannan ɗan ciniki mai tura ya samu na abinci, kamfanin waya ya sayar da data, mai shago zai karɓi hayarsa a ƙarshen wata. Wanda ya kwana a situdiyo yana maimaita baiti ɗaya har muryarsa ta dushe, da wadda ta sayar da 'yan kunnenta na zinari ta zuba kuɗin a fim, su ne kaɗai ba a tuna da su ba. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da Zango zai kira abin da sunansa: cin haƙƙi ne.

Ba mu yarda cewa rowa ce ta kawo haka ba. Ku je biki ko suna a Nima, ko Sabon Zango, ko Madina, ku ga yadda mata ke yi wa mawaƙi liƙi har kuɗi ya rufe tabarma. Iyayenmu da suka tashi da kaset ɗin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun san cewa makaɗi ba ya tashi daga ƙofar gidan mutum hannu rabbana. Riga ake ba shi, wani lokaci doki ko mota. Abin da ya sauya shi ne mawaƙin ya daina tsayawa a gabanmu. Ya koma cikin waya, kunyar da ke sa mutum ya sa hannu a aljihu kuwa ba ta bi shi can ba.

Kano ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A da, furodusa na kai fim kasuwar Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su saya, faifai ya bi motocin kaya har Kumasi da Accra. Masu kwafa sun rage ribar, masu turawa a waya suka ƙarasa kasuwar gaba ɗaya. Shi ya sa 'yan Kannywood suka koma fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina, suna dogara da YouTube da tashoshi kamar Arewa24 da aka buɗe a 2014. Haka masu fim na Kumasi da dillalan Opera Square a nan Accra suka ga kasuwar faifai ta mutu a hannunsu.

A YouTube ba mai kallo ke biya ba, masu talla ne, kuma kuɗin na bin yawan waɗanda suka kalla a tashar mai fim. Idan mutum ɗaya ya sauke fim ya raba wa mutum ɗari ta WhatsApp ko Telegram, kallo ɗaya aka rubuta wa mai shi. Idan wani ya sake ɗora fim ɗin a tasa tashar da sabon suna, shi zai kwashi kuɗin tallan. Ƙaramin mai fim ya fi kowa shan wahala a nan, domin kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da shi sai ya tara mabiya 1,000 da awoyin kallo 4,000 cikin shekara guda. Yaron Maamobi da ya haɗa wasan barkwanci da abokansa a lungu, aka yi ta dariya da shi a kowace majalisa amma ta hanyar turawa, zai iya yin suna daga nan har Tamale bai kai wannan ma'auni ba.

Duk da haka ba mai tebur ne babban ɓarawo ba, kuma ba ma goyon bayan a fara da shi. A 2025 'yan fim na Najeriya, ciki har da Omoni Oboli da Bimbo Ademoye, sun fito fili suna kukan cewa wasu gidajen talabijin na Ghana na ɗaukar fina-finansu daga YouTube suna haskawa ba izini, har Hukumar Fina-finai ta Ƙasar Ghana ta gargaɗi tashoshin. Waɗannan suna da lasisi, suna da ofis, suna karɓar kuɗin talla. Matan biyu suna da miliyoyin mabiya, shi ya sa aka ji su. Mai fim ɗin Hausa daga Kano ko Ashaiman da aka yi wa irin haka, wa zai ji shi?

Doka kuwa tana nan. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005, mai lamba 690, ta kare aikin mutum tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa, wato haƙƙi ne da marayu ke gada. Ta kuma sa haraji a kan kayan kwafa da ake shigowa da su ƙasa domin a raba wa masu fasaha. GHAMRO, wadda aka kafa a 2011, ita ke karɓar kuɗin mawaƙa daga rediyo, talabijin, otal da wuraren taro; ARSOG ke yi wa masu fim. Mawaƙa sun daɗe suna kuka da ƙanƙantar abin da ke isa hannunsu, ita kuma GHAMRO tana cewa tashoshi da dama ba sa biya, ba sa kuma kawo jerin abin da suka sa. Wannan jeri shi ne matsalarmu ta musamman. In ba a rubuta cewa an sa waƙar Hausa ba, ba za a taɓa ware mata kaso ba. In mawaƙin bai yi rajista ba, ko an ware babu wanda za a miƙa wa. Da yawa daga mawaƙan Zango ba su taɓa taka ofishin ba, ba su da yarjejeniya a rubuce da mai situdiyo, ba su san wa ya mallaki kiɗan da suka hau ba.

Takarda ce ta bai wa mawaƙi Obrafour ƙarfin kai ƙarar Drake a kotun New York a 2023, yana neman dala miliyan 10 saboda amfani da wani yanki na waƙar Oye Ohene. Nima ma ta fitar da VIP, waɗanda suka haɗa Hausa da Twi a waƙa, waƙarsu Ahomka Womu ta kai su ga kyautar gwarazan shekara a 2004. Yaran da ke son bin sahunsu a yau suna da waya da basira, amma babu mai zaunar da su ya nuna musu inda ake sa hannu. Muna kira ga Asusun Raya Zango, wanda raya al'adu na cikin aikinsa, da majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, su gayyato GHAMRO da ARSOG da Ofishin Haƙƙin Mallaka su kafa tebur a Nima, a yi bayani da Hausa, a yi rajista nan take.

Akwai maganar da sai malamai. Wasu na cewa ai kiɗa haramun ne, don haka babu haƙƙi a cikinsa. Wanda ya ɗauki wannan fatawa, sai ya bar waƙar; ba hujja ba ce ta ya saurara kuma ya hana mai ita. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Masu begen Annabi da marubutan littattafan addini na cikin waɗanda ake kwafe wa aiki kullum. Malamin da ya yi waƙafi da karatunsa ya ce a yaɗa, Allah ya saka masa, amma shi ne ya bayar, ba ƙwace aka yi ba. Muna fatan jin wannan bambanci a huɗubar Juma'a, daga babban masallacin Kanda har ƙananan masallatan unguwa.

Su kuma masu tura, sana'a suke nema, kuma sun san abin da Zango ke so fiye da kowane kamfani. A kama su a kwashe kwamfutocinsu, gobe wasu za su zauna a gurbin. Gara a mai da su dillalai: su haɗa ƙungiya, su yi yarjejeniya da furodusoshi, a ba su fim mai kyau da wuri, su cire kasonsu su tura saura. Tun 2009 ake aika kuɗi ta MoMo a ƙasar nan, harajin aika kuɗi ta waya ma an soke shi a 2025. Mai sayar da wake da shinkafa na karɓar kuɗi ta waya; ba mu ga dalilin da zai hana mawaƙi sa lambarsa a ƙarshen bidiyo, mu kuma mu tura ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Mai shirin aurar da 'ya, da ya ware wa mai kanofi da mai kujeru da mai sauti nasu, ya tambayi wanda ya rera wa amarya waƙar da za a yi ta sawa har dare ko an sallame shi. 'Yan siyasar da ke zagaya unguwanninmu da waƙoƙin yaranmu a kan mota su nuna rasit. Masu shirya wasan Sallah a titin Nima, da ke samun kamfanoni masu ɗaukar nauyi, su daina ce wa ƙaramin mawaƙi hawa dandamali kaɗai ya ishe shi lada. A rubuta kuɗinsa a takarda tun kafin ya karɓi makirufo.