A Taɓa Waƙar Magabata, Amma a Faɗi Mai Ita

Mai karatu, wai shin yaushe sata ta koma "sabunta waƙa"? Yaro zai shiga situdiyo, ya ɗauko karin waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo, ya ɗora kalaman soyayya a kai, furodusa ya saka a fim, a ƙarshe ka ga an rubuta sunan yaron shi kaɗai. Mai ita fa? Oho!

Masu cewa kar a taɓa kayan magabata kada su yi saurin tafa mini, don su ma ban goyi bayansu ba. Mu nan Yawuri mun san marigayi Sani Aliyu Ɗandawo, Allah Ya jiƙansa. Gadon kiɗan fada ya ɗauka daga mahaifinsa Aliyu Ɗandawo, ya yi shi da muryarsa, ya wasa sarakunan zamaninsa. Ba wanda ya kira shi ɓarawo, saboda sunan uban na manne da nasa.

Ko a Turai haka abin yake. A 1984 wasu mawaƙan Ingila, Tears for Fears, sun fitar da waƙar "Shout" da kiɗan na'ura irin na yayin lokacin. A 2000 sai ƙungiyar Disturbed ta Amurka, masu kiɗan rok mai tsananin ƙara, suka sake ta a faifansu The Sickness. Waƙar dama kira ce ga mutum ya ɗaga murya ya amayar da abin da ke cin ransa, su kuma suka zuba mata jita mai ruri da murya mai tsawa, har ta zama ihun gaske. Ka ga sun ƙara mata wani abu ke nan. Kuma sunayen marubutanta, Roland Orzabal da Ian Stanley, ba su ɓace ba.

To mu me muke ƙarawa? Ragewa muke yi. Kalangun Shata magana yake, yana ba shi amsa. Kotson Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa su ne rabin waƙar. Sai a kwashe duk wannan, a danna maɓalli ɗaya a fiyano, kiɗa ya yi ta maimaita kansa kamar injin niƙa, a kuma matse murya da kwamfuta har ba ka gane mace ce ko namiji. Irinsu ne DJ ke saki a gidajen biki daga Yelwa har Ngaski, yara na rawa ba su san waƙar tana da uba ba.

Ga kuma doka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Yi lissafin da kanka. Iyalansu suna nan, gidajensu ba ɓoyayyu ba ne. Furodusan da ke iya kama wa jaruma ɗaki a otal ba zai ce mana kuɗin motar zuwa Funtuwa ko Maradun ne ya gagare shi ba.