Farar riga fes, kwata a toshe: darasi daga kalmar "immaculate"

Ɗalibin da ke haddar kalmomin Turanci don jarrabawar WAEC, a Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu ko wata makaranta, zai iya cin karo da kalmar "immaculate". Ma'anarta abin da yake tas, babu ko ɗigon datti a jikinsa. Bature kan faɗe ta ga farar riga ko ɗakin da aka share fes.

Asalinta daga Latin ne. "Macula" na nufin tabo, ƙarin "im" a farkonta kuma yana kore shi, wato marar tabo. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15, kuma da farko halin mutum ake siffantawa da ita, mutumin da babu aibi a tare da shi. Daga baya ne ta koma kan tufafi da ɗakuna. Bahaushe ma haka yake yi, domin idan ya ce wane ba shi da tabo, ba wankin rigarsa yake nufi ba.

A nan ne muke ganin gyara a gare mu. Ranar Juma'a za ka ga magidanci cikin shadda fara fat, ta sha bugu, amma sai ya tattare ta kafin ya tsallake kwatar ƙofar gidansa da leda ta toshe. A Kura da Bunkure, inda ruwan Dam ɗin Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, ledar fiya-wata da robar maganin feshi sukan ƙare a magudanan ban-ruwa. Da wannan ruwa ake noma abin da muke ci, a cikinsa yara ke wanka. Idan damina ta faɗi, irin wannan ƙazanta ce ke buɗe wa amai da gudawa ƙofa.

Kano na da ranar tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata, amma da yawa sun mayar da ita ranar barci. Muna kira ga ƙananan hukumomi su ƙarfafa wa duba-gari, ƙungiyoyin manoma su ware wurin tara robobin magani, masu unguwanni kuma su sa ido. Mun taso muna jin cewa tsafta cikon addini ce. Wanda ya wanke rigarsa ya zuba wa maƙwabci shara a kwata, da sauran tabo a jikinsa.