Zoben maza: Kada kuɗin albasa su ƙare a kan kwalba

Bayan an kwashe albasar bana, wani ƙanena a Kagara ta ƙaramar hukumar Goronyo ya sayi zobe a wajen wani mai talla a intanet. An ce masa azurfa ce zalla, jan dutsen da ke kai kuma yakutu ne. Ba a yi wata guda ba yatsansa ya koma kore. Da muka kai wa maƙeri, kallo ɗaya ya yi ya ce tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa, dutsen kuma kwalba ce.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ke shiga kasuwar Goronyo ranar Lahadi, ko yake zuwa ɗaurin aure a Wurno da Rabah, ya ga yadda samari ke jera zobba biyu ko uku a hannu, irin waɗanda suke gani a TikTok. Ni ban ga laifin ado ba. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu ba mu san abin da muke saya ba.

Addininmu ya riga ya shata iyaka. Zinare haramun ne ga namiji, azurfa kuwa halal ce, domin zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, zobe ɗaya ake so, kuma kada nauyinsa ya wuce dirhami 2, wato kusan giram 6. A kula kuma da abin da 'yan kasuwa ke kira farin zinare: launinsa kawai ya yi kama da azurfa, amma zinare ne aka gauraya da wani ƙarfe.

Sai batun inganci. Lambar 925 da ake bugawa a cikin zobe tana nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe ne da ke ƙara masa ƙwari. Sai dai masu jabu ma suna buga lambar, don haka ba ta isa shaida ba. Azurfar gaske takan yi duhu idan ta daɗe, amma da an goge ta sai haskenta ya dawo. Ta shafe kuwa, gogewar ce ke tona mata asiri. Idan ka ɗaga dutse a rana ka ga 'yan ƙwayoyin iska a ciki, to mai yiwuwa kwalba ce. Wanda kuma ya ce zai sayar maka da yakutu ko zumurrudu a kuɗin buhun albasa ɗaya, ka tuna araha ba ta ado.

Abin takaici shi ne muna da namu. Ana haƙo shuɗin yakutu a tsaunin Mambila na jihar Taraba, a fita da shi waje ɗanye, mu kuma a kawo mana kwalba mai launi. Maƙeran farin ƙarfe na nan a Sakkwato da kasuwar Kurmi ta Kano, ga kuma Buzayen Agadas da duniya ta san su da aikin azurfa. Maƙerin da ka san rumfarsa zai auna maka zobe a gabanka, ya ƙera daidai yatsanka, idan kuma an samu matsala ka san inda za ka koma. Mai lambar waya kawai fa?

Kada mu manta da halin da yankinmu ke ciki na rashin tsaro. Hannun da ke walƙiya a kan hanyar ƙauye yana iya jawo idon da ba a so, ko da abin da ke kansa na jabu ne.

Shawarata ga samarinmu ita ce zobe ɗaya na azurfar gaske, daga hannun maƙerin da aka sani. Ragowar kuɗin a sayi taki da man injin ban-ruwa, domin noman rani ba ya jira.