Waiwaye: Ƙarfen da Kunnen Iyayenmu Ya Ƙi

Mu da muka tashi a Nima da Mamobi mun sha jin iyayenmu mata suna cewa, "Kunnena ba ya shiri da wannan ƙarfe." Ana gobe Sallah a sayo 'yan kunne masu sheƙi a kasuwar Nima, kwana biyu sai fatar kunne ta yi ja, ta kama ƙaiƙayi, ta fara tsattsafo da ruwa. Tsohuwa ta cire, ta zura tsinken tsintsiya kada hujin ya toshe, ta shafa man kaɗanya. Ba ta san sunan nikel ba, amma ba ta ɓata mai laifi ba.

Nikel ɗin nan ya daɗe a aljihunmu. Da shi da jan ƙarfe aka yi anini da kobo mai huji na zamanin Turawa, kuma shi aka shafa wa yawancin pesuwan da Gana ta fitar a 2007. Gumi ne ke narkar da ɗan kaɗan daga jikinsa, shi kuwa da ya narke ba ya zama shi kaɗai, sai ya riƙe wani abu. In ya riƙe sinadaran fata, jiki ya ɗauke shi baƙo, faɗa ya tashi.

Wannan halin na riƙe wani abu ne wani Barashe, Lev Chugaev, ya mayar tarko a 1905. Ya gano sinadarin da in ya haɗu da nikel yake rikiɗewa ja. Har gobe ɗigo ɗaya a auduga, a goga wa sarƙa, ya isa ya tona asiri. Turai ta ƙayyade nikel a kayan ado tun 1994. Mu kam har yanzu sheƙi muke saye.

Alfred Werner, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, shi ya fayyace tsarin wannan riƙon: ƙarfe a tsakiya kamar sarkin Zango, fadawa kewaye da shi, sau da yawa su shida. Nikel a cikin ruwa kore ne shar, domin ruwa ne fadawansa. Zuba amoniya ta kori ruwan, sai ya koma shuɗi. Wata fadar da masana ke sha'awa ita ce mai gauraye, Bahaushe ga Badagombe ga Bazabarme, don kowa da abin da yake ƙara wa sarautar.

A Jami'ar Bayero ta Kano ɗalibai sun yi irin wannan haɗi da yawa. Su dafa, su tace, su busar da garin, su auna zafin da yake narkewa ko ƙonewa, su ga yadda maganaɗisu ke jan sa, su haska masa haske don gane wa ke riƙe da wa. Daga nan a gwada shi a kan ƙwayoyin cuta. Galibinsu ba sa zama magani, kuma ɗalibin kirki ya san haka tun kafin ya kunna wuta.