William Johnson: aminin da ya haɗiye gonar aminansa

A jihar Niyok ta ƙasar Amurka akwai wani gari da ake kira Johnstown. Gidan mutumin da ya kafa shi yana nan tsaye har yau, hukuma na kula da shi, baƙi na zuwa kallo. Masu yabon William Johnson na cewa manomi ne, jarumi ne, kuma babu Baturen da ya kai shi ƙaunar ƴan asalin ƙasar. Mu kuwa mun ce a ajiye kirari, a auna gona. Mutumin da ya sauka baƙo, ya mutu yana riƙe da kusan hekta dubu 69, tilas a tambaya: a hannun wa ya same su?

An haife shi wajen shekarar 1715 a yankin Meath na ƙasar Ailan, wadda Ingila ta mallake. Danginsa Katolika ne, a zamanin da doka ta hana Katolika sayen fili da riƙon muƙamin gwamnati. Ke nan tun yana yaro ya san ɗacin mulkin mallaka. Sai ya koma ɗariƙar masu mulki, ya ƙetare teku a 1738 domin ya kula da filayen kawunsa Peter Warren, hafsan jiragen ruwan yaƙin Ingila, a kwarin kogin Mohawk.

Kwarin nan da masu shi: al'ummar Mohawk, ɗaya daga cikin ƙabilu 6 na tarayyar Irokwa. Johnson ya koyi harshensu, ya sa tufafinsu, ya yi cinikin fatu da su, har suka raɗa masa suna nasu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Shi kuwa sai ya mai da kansa ɗan garin. A 1755 ya ja mayaƙan Mohawk zuwa yaƙi da Faransa a tafkin George. Shugabansu Hendrick ya kwanta dama a fagen fama, Johnson ya samu sarauta daga Sarkin Ingila da kyautar fam dubu 5. A 1756 aka naɗa shi wakilin Sarki mai kula da sha'anin ƴan asalin ƙasa a yankin arewa.

Masu kare shi za su ce ya sha tsaya wa Mohawk a gaban dillalan fili masu takardun ƙarya. Haka ne, ba mu musa ba. Amma a 1760 mutanen garin Canajoharie suka ba shi fili kimanin hekta dubu 32, wai kyauta. A 1763 Sarkin Ingila ya hana ɗaiɗaikun Turawa sayen ƙasa kai tsaye daga ƴan asali, amma a 1769 Sarkin nan ya tabbatar wa Johnson da nasa rabon. Ya ku masu karatu, alƙalin da aka ɗora wa amanar dukiyar mutane, ya karɓi kyauta mai girman haka daga hannunsu, wane suna za a ba shi? Ya kori kuraye daga garke, ya zaɓi mafi ƙiba ya yanka.

Babban aikinsa shi ne taron sansanin Stanwix na 1768, wanda ƴan asali fiye da dubu 3 suka halarta. A nan Irokwa suka sallama ƙasashen da ke kudancin kogin Ohayo a kan fam dubu 10 da ƴan kai. To, waɗannan dazuzzuka wasu al'ummu ne, irin su Shawni, ke farauta a cikinsu, kuma ba da yardarsu aka yi cinikin ba. Johnson ya tura iyakar gaba da inda Landan ta umurce shi. Bayan shekara 6 yaƙi ya ɓarke a kan wannan ƙasa.

Garin kuma fa? Ya kafa shi a 1762, ya sa masa sunan ɗansa John. Wa ya sare itatuwan, wa ya yi huɗa? Bayi baƙar fata ƴan asalin Afirka, kimanin 60, da talakawan Ailan da Jamus da Sikotlan da ya zaunar a matsayin ƴan haya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ɗan ƙasar da masu gonakin haya suka tatse ya gina irin tsarin nan a wata ƙasa, ya zauna a samansa. Ko Molly Brant, ƴar Mohawk da ta haifa masa ƴaƴa 8, a cikin wasiyyarsa mai kula da gida ya kira ta.

Ya mutu a watan Yuli na 1774, ana tsakiyar taro da Irokwa a gidansa. Da yaƙin neman ƴancin Amurka ya tashi a 1775, yawancin Mohawk suka bi iyalinsa, suka goyi bayan Ingila. A 1779 sojojin Amurka suka ƙone garuruwan Irokwa kimanin 40. A yarjejeniyar Paris ta 1783 Ingila ba ta ko ambaci sunansu ba, akasarin Mohawk suka ƙare a Kanada. Abin da amintakar ta haifa musu ke nan.

Shan zalunci bai taɓa zama shaidar adalcin mutum ba, haka nan jin harshen mutane bai isa hujjar riƙon amanarsu ba. Duk inda aka ce wane ne ya kafa gari, hakkinmu ne mu tambaya: ƙasar wa, gumin wa, kuma ina masu ita suke yau? Johnstown na ɗauke da sunan ɗan Johnson. Bayin da suka share filin kuwa, yawancinsu ko sunayensu ba a sani ba.