Sharhi: Jinya da Matsin Iskar Oksijin, Amfaninta da Iyakarta

A ranar 26 ga Mayun 2013, jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a tekun Nijeriya. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya shafe kusan kwana uku a raye a zurfin mita 30. Da aka ceto shi, sai da ya ƙara fiye da kwana biyu cikin wani ɗakin ƙarfe da ake sarrafa matsin iskarsa, don kada iskar naitirojin da ta taru a jikinsa ta yi kumfa a jini ta halaka shi.

Da irin wannan ɗaki likitoci ke yin jinyar matsin oksijin. Majinyaci kan shaƙi tsantsar oksijin na awa ɗaya zuwa biyu, a matsin da ya ninka na iskar waje sau biyu zuwa uku. Matsin kan narkar da iskar cikin ruwan jini, ta isa sassan jikin da ke ƙishirwarta.

Baya ga masu aikin nutso a teku, matsaloli biyu da wannan jinya ke taimakawa sun shafi ’yan Nijeriya kai tsaye. Ta farko ita ce gubar hayaƙin janareta, wadda ke kama jajayen ƙwayoyin jini fiye da oksijin sau 200. A iskar waje, jiki kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, amma a ɗakin matsi bai kai rabin awa ba. Ta biyu ita ce gyambon ƙafar masu ciwon suga, inda zama 20 zuwa 40 kan taimaka wajen warkewa, tare da wanke rauni da daidaita suga.

Sai dai jinyar tana da iyaka. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ba ta amince da ita a matsayin maganin kansa ko ciwon suga ba. Tana iya lahanta dodon kunne, kuma oksijin na rura wuta: a Janairun 2025 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu da irin wannan ɗaki ya kama da wuta a jihar Mishigan ta Amurka.

Saboda haka wajibi ne hukumomin lafiya su tabbatar ana gudanar da jinyar a ƙarƙashin ƙwararrun likitoci kawai. Wanda hayaƙi ya sumar kuwa, a fitar da shi waje, a garzaya da shi asibiti mafi kusa a sa masa oksijin.