Ƙuri'ar Ɗan Ƙungiya da Hannun Gwamnati: Darasi daga Ƙungiyar UAW

A shekarar 2021 kotun tarayya a Amurka ta ɗaure tsofaffin shugabanni biyu na ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW. Dennis Williams ya sami wata 21, Gary Jones kuma wata 28, saboda sun yi wadaƙa da kuɗin ƙungiya a kan gidajen hutu da wasan golf da sigari masu tsada. Kamfanin Fiat Chrysler ma ya amsa laifin bai wa jami'an ƙungiyar toshiya, aka ci shi tarar dala miliyan 30. Wato waɗanda ke zama teburin sulhu da sunan ma'aikata suna cin tuwon wanda suke jayayya da shi.

Magani iri biyu aka kawo: mai sa ido daga waje da kotu ta naɗa, da ƙuri'ar raba-gardama wadda ta soke zaɓen shugabanni ta hannun wakilai. A ganina na biyun ne ya taɓa tushen cutar. Wakilan da ke halartar babban taro ba su da yawa, kuma galibinsu muƙaminsu da alawus ɗinsu na hannun wanda za su zaɓa, don haka sayensu ba shi da wuya. Da aka miƙa wa kowane ɗan ƙungiya ƙuri'arsa, sai Shawn Fain ya kayar da shugaba mai ci a Maris na 2023 da ratar da ba ta kai ƙuri'a 500 ba. A shekarar ne ya jagoranci yajin aiki a Ford da General Motors da Stellantis, wanda ya kawo ƙarin albashi na kashi 25 cikin ɗari.

Ba a ce ƙuri'a na wanke zuciya ba. Ron Carey ya zama shugaban ƙungiyar Teamsters a zaɓen kai-tsaye na 1991 da sunan gyara, amma aka soke zaɓensa na 1996 bayan an gano cewa kuɗin ƙungiya sun shiga yaƙin neman zaɓen. Sai dai ko a nan, tsarin ne ya sa aka ga ɓarnar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za a karanta wannan labari a Nijeriya, inda har yau taron wakilai ke zaɓen shugabannin NLC, kuma rikicin taron 2015 ya raba ƙungiyar gida biyu na tsawon shekaru. Wasu za su ce gwamnati ta shigo ta tsabtace gidan. Mun ga irin wannan shigowa a 1988, lokacin da Babangida ya rushe shugabancin NLC ya naɗa kantoma, da kuma 1994 a zamanin Abacha. Gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikatan da ke cikin ƙungiyoyin ƙwadagonmu, saboda haka ba ta cancanci ta yi alƙalanci a kansu ba. Malamin firamare a Gumel da ake cire masa kuɗin ƙungiya kafin albashi ya shiga asusunsa, shi ya fi dacewa ya ga littafin kuɗin, ya kuma jefa ƙuri'arsa da hannunsa.